Bakteriya a cikin jijiyar zuciya: su ne masu laifin ko 'yan kallo ne?

Aminu:
Assalamu alaikum malamaina. Akwai abin da ya ɗaure min kai. Kwanan nan ana ta yaɗa cewa bugun zuciya ashe ciwo ne na ƙwayoyin cuta, wai an samu bakteriyar baki a cikin curin kitsen da ke toshe jijiyoyin zuciya. To in haka ne, me ya hana a riƙa ba masu ciwon zuciya maganin kashe ƙwayoyin cuta a huta? Ko maganar kolastarol ɗin da aka koya mana ce ta rushe?

Dokta Hadiza:
Wa alaikumus salam Aminu. Ba ta rushe ba, tana nan daram. Amma kafin a kai ga bakteriya, gara a fara sanin abin da ke kashe mutum, domin mutane da yawa suna ɗauka jijiya tana cikewa ne sannu a hankali kamar bututun ruwa har ta toshe. Yawancin bugun zuciya ba haka yake zuwa ba.

Kitsen LDL, wato kolastarol ɗin da ake kira mugu, shi ne ke ratsa shimfiɗar ciki ta jijiya ya maƙale a bangonta, ya lalace a can. Fararen ƙwayoyin jini su biyo shi, su rikiɗe su zama makrofaj, su yi ta haɗiyarsa har su cika su zama ƙwayoyin kumfa, daga baya su mutu a wurin. Gawarwakinsu da kitsen su ne ke zama ruɓaɓɓen ciki na curin. Jiki kuma sai ya saƙa murfi na zaren kolajin a kai, ya raba wannan ruɓa da jinin da ke gudu. Muddin murfin na da kauri, mutum zai iya shekara talatin da curin bai sani ba. Ranar da murfin ya tsage, jini ya taɓa abin da ke ciki, cikin mintoci gudan jini ya haɗu ya toshe hanya. Sau da yawa curin da ya fashe ma bai cinye rabin faɗin jijiyar ba kafin ranar.

Saboda haka tambayarka biyu ce a haɗe. Shin bakteriya na da hannu wajen gina curin? Shin suna da hannu wajen yaga murfin? Amsoshin ba ɗaya ba ne.

Farfesa Lawal:
Dokta ta shimfiɗa tabarma, bari in zauna a kai. Idan aka yanko jijiyar da ta fashe aka sa a ƙarƙashin madubin likita, abin da ake gani kusan iri ɗaya ne kullum. Murfin ya yi siriri, bai kai maikiron 65 ba, wato kusan kaurin gashin kai guda. Tsagewar kuma ba a tsakiya take yawan faruwa ba, a gefe ne, inda murfin ya haɗu da lafiyayyen bango, wurin da muke kira kafaɗa. A nan makrofaj suke cincirindo, ƙwayoyin tsoka masu saƙa kolajin kuwa sun yi ƙaranci.

Aika-aika biyu ke gudana a lokaci guda. Makrofaj na zubo sinadaran da ke yanka kolajin, irin su MMP-1 da MMP-8 da MMP-13. Ƙwayoyin garkuwa na T kuma na fitar da intaferon gama, wanda ke hana ƙwayoyin tsoka saƙa sabon zare. Ana warware saƙa, an kuma ɗaure hannun masaƙi. Duk abin da zai harzuƙa makrofaj zai iya hanzarta wannan, kuma babu abin da ya kai bakteriya iya harzuƙa su, don aikin da aka halicce su dominsa ke nan. Suna da ƙofofin ji a jikinsu, TLR2 da TLR4, masu gane ɓawon bakteriya.

Sai dai a lura, lalataccen LDL da lu'ulu'un kolastarol su ma suna kunna waɗannan hanyoyin ba tare da ko bakteriya ɗaya ba.

Sannan ba duk gudan jini ke zuwa ta fashewa ba. Kusan kashi biyu cikin uku ta fashewa ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku kuma murfin lafiyarsa ƙalau, shimfiɗar saman ce kawai ta saluɓe.

Malam Sanusi:
Ranka ya daɗe, wannan zargi ai ya girmi kowa a nan. Tun 1908 likita William Osler ya lissafa kamuwa da cuta cikin abubuwan da yake zargi. A 1978 Catherine Fabricant ta nuna cewa bairos ɗin cutar Marek na haddasa irin wannan curi a jijiyoyin kaji. Amma wutar ta kama sosai ne a 1988, lokacin da Pekka Saikku da abokan aikinsa a Finlan suka ga masu ciwon zuciya sun fi sauran mutane alamar sun taɓa kamuwa da Chlamydia pneumoniae, wata bakteriya ta hanyar numfashi. A 1992 Allan Shor a Afirka ta Kudu ya gan ta a cikin curin kansa.

Kuma labarin ya zauna da kyau. Bakteriya ce da ba ta rayuwa sai a cikin ƙwayar halitta. Tana shiga makrofaj na huhu, fararen ƙwayoyin jini su ɗauke ta su kai ta bangon jijiya. A ɗakin gwaji tana mayar da makrofaj ƙwayoyin kumfa, furotin ɗinta mai suna HSP60 yana sa su zubo masu yanka kolajin. An sa wa zomaye ita ta hanci, bangon jijiyarsu ya yi kauri, aka ba wasu azithromycin, maganin kashe bakteriya, abin ya ragu. Wa zai ga wannan bai yi zumuɗi ba? Lokacin kuma ba a daɗe da tabbatar da cewa bakteriyar Helicobacter pylori ce ke bayan yawancin gyambon ciki ba, kowa na jiran a maimaita irin wannan nasara a zuciya.

Hajiya Rakiya:
Sai aka zo gwaji a kan mutane, Malam, zance ya sha bamban. Aminu, ga amsar tambayarka ta farko: an gwada, ba sau ɗaya ba, kuma ba a kan mutum ɗari ba.

Ƙananan gwaje-gwaje na 1997, kamar ROXIS a Ajantina mai mutum wajen 200, sun ba da fata. Sai manyan suka biyo. WIZARD, 2003, mutum sama da 7,700 da suka taɓa samun bugun zuciya kuma jininsu ya nuna alamar Chlamydia, aka ba rabi azithromycin na mako 12. ACES, 2005, mutum wajen 4,000, miligiram 600 sau ɗaya a mako har shekara guda cur. PROVE IT, shi ma 2005, mutum sama da 4,100, gatifloxacin kwana 10 a kowane wata na tsawon lokaci. Duka ukun, waɗanda suka sha maganin da waɗanda suka sha ƙwayar da babu komai a ciki, sakamakonsu bai bambanta ba ta fuskar da za a dogara da ita.

Na huɗun shi ne mai tayar da hankali. CLARICOR a Denmak, mutum wajen 4,300, clarithromycin na mako biyu kacal. Waɗanda suka sha maganin sun fi mutuwa ta dalilin zuciya, kuma bambancin ya ci gaba da bayyana shekaru bayan an gama sha. A kan wannan ne hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a 2018 kan ba masu ciwon zuciya clarithromycin. Tun 2013 ma ta yi gargaɗi kan azithromycin saboda yadda yake tsawaita tazarar QT, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta harba ta sake shiri, a awon lantarkin zuciya (ECG), abin da ke iya jefa zuciya cikin mummunar rikicewa. An gudu daga gidan gara an faɗa gidan zago.

Aminu:
To ai shi ke nan magana ta ƙare, Hajiya. Idan an kashe su ba a ga canji ba, ba su ne ba.

Malam Sanusi:
A'a ƙanena, kada ka yi saurin naɗe tabarma. Wa ya ce an kashe su?

Chlamydia na da wata dabara. Idan ta ji matsi, ko daga intaferon gama da ke ƙarar mata da sinadarin tiriftofan, ko daga magani, sai ta daina rarrabuwa ta kumbura ta yi likimo a cikin ƙwayar da take. Magungunan nan kuwa suna cin mai aiki ne, mai haɗa furotin, mai hayayyafa. An nuna cewa wadda ke cikin fararen ƙwayoyin jini tana tsira ko bayan an kammala shan magani. Kuma babu wanda ya yanko jijiyoyin mutanen da ke cikin gwajin don ya ga ko bakteriyar ta tafi.

Na biyu, su wa aka ba maganin? Dattawa 'yan shekara sittin da suka riga suka samu bugun zuciya. Curin da aka soma ginawa tun ana samartaka. In ma bakteriya ta yi ɓarnarta, ta yi ta shekara talatin da suka wuce. Wannan ihu ne bayan hari.

Na uku, an sa ido a kan ƙwaya ɗaya, alhali abin da ake samu a curin taron dangi ne.

Dokta Hadiza:
Malam Sanusi, duk ukun na ji, kuma na farkon na da ƙarfi. Amma ka lura da inda wannan hanya ke kai mu. In magani ya yi aiki, bakteriya ce. In bai yi ba, ta ɓuya ne. Zancen da babu sakamakon da zai iya ƙaryata shi ba zai taimaki mai jinya ba.

Kuma a gwada da hujjar da ke kan LDL. Yaron da ya gaji lahanin mai karɓar LDL, wato furotin ɗin da ke kwashe shi daga jini, daga iyaye biyu yana iya samun bugun zuciya kafin ya kai shekara ashirin. Mutanen da aka haifa da raunin PCSK9, furotin ɗin da ke rage masu karɓar LDL, LDL ɗinsu na ƙasa tun suna jarirai, ciwon zuciya ya yi musu ƙaranci matuƙa. Kowane milimol 1 na LDL a litar jini da aka sauke da statin, maganin rage kolastarol, yana rage manyan matsalolin zuciya da jijiya da kusan kashi 22 cikin 100. Har ɓeraye marasa apoE, furotin ɗin da ke taimakawa wajen share kitse daga jini, da aka raina ba tare da ko ƙwayar cuta ɗaya a jikinsu ba, an ruwaito a 2000 cewa sun yi curin. Ba tare da bakteriya ba ana samun ciwon. Ba tare da LDL ba kuwa, da ƙyar.

Ita ma hujjar jinin da aka fara da ita ta yi sanyi. Fiye da rabin manya na ɗauke da alamar sun taɓa haɗuwa da Chlamydia pneumoniae. Da John Danesh ya tattara binciken da suka bi mutane tun kafin su kamu, aka cire tasirin taba da sauran abubuwa, a 2000, haɗarin ya sauko zuwa wajen ninki 1.15. Kusan babu.

Malam Sanusi:
Ban ce ita ce tushe ba, Dokta. Na yarda LDL ne itacen. Cewa nake akwai mai zuba kananzir.

Dokta Bashir:
Bari masu haƙori su sa baki, tunda abin da Aminu ya ji daga wajenmu ya fito.

Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan kwarmi, a lafiyayyen baki bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan dattin haƙori ya taru ya ƙanƙare, dasashi ya kumbura, ƙashin da ke riƙe haƙori ya fara zaizayewa, kwarmin sai ya zama aljihu mai zurfin milimita 5, 6, har fiye. Bangon aljihun nan daga ciki gyambo ne a buɗe. In aka haɗa faɗinsa a bakin da ciwon ya yi tsanani, ana ƙiyasta murabba'in santimita 8 zuwa 20. A ce mutum na da gyambo mai wannan girma a ƙafa, manne da ruɓa dare da rana, ba wanda zai bar shi. Amma da yake a baki ne kuma ba ya zafi, sai dai ɗan jini a kan buroshi, shekaru ake yi da shi.

Ta nan bakteriya ke faɗawa jini. A binciken Peter Lockhart na 2008, an samu irin bakteriyar da ke iya kama zuciya a jinin kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka goge baki kawai, da kashi 60 na waɗanda aka cire wa haƙori ba tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Garkuwar jiki na share su cikin mintoci, amma cire haƙori sau nawa ne a rayuwa, goge baki da tauna kuwa kullum ne.

A cikin bakteriyar dasashi, Porphyromonas gingivalis ita aka fi sa wa ido. Tana da sinadarai masu suna jinjifen da ke yanka furotin, tana iya kutsawa cikin ƙwayoyin shimfiɗar jijiya, kuma a ɓeraye masu yawan kitse tana hanzarta girman curi. Wasu daga dangin Streptococcus na baki, kamar sanguinis, suna sa ƙwayoyin daskarar da jini su dunƙule.

Gwajin da na fi so a ambata shi ne na Maurizio Tonetti da abokansa, 2007, mutum 120 masu ciwon dasashi mai tsanani. Aka yi wa rabi kankara mai zurfi har ƙasan dasashi. Bayan awa 24, jijiyar hannunsu ta fi ta sauran kasa buɗewa, alamun kumburi a jini suka hau. Bayan wata biyu, da kuma wata shida, tasu ta fi buɗewa. Wato abin da ke baki yana taɓa jijiya, wannan babu musu.

Hajiya Rakiya:
Amma buɗewar jijiyar hannu ba ita ce raguwar bugun zuciya ba, Dokta.

Dokta Bashir:
Gaskiyarki Hajiya, kuma ba zan ƙara gishiri ba. Har yau babu babban gwajin da ya nuna gyaran dasashi na rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta faɗi haka a 2012: alaƙa akwai, amma ba a tabbatar ɗaya ne ke jawo ɗaya ba. Matsalar ita ce taba da ciwon sukari da tsufa da talauci duk suna lalata dasashi, kuma duk suna lalata jijiya. Raba su da wuya.

Ni dai hujjata ita ce gyaran dasashi ba ya buƙatar jiran wannan hukunci. Yana ceton haƙori, kuma ga mai ciwon sukari yana sauke HbA1c, awon da ke nuna matsakaicin sukarin jini, da wajen 0.4 cikin 'yan watanni, wanda ba ƙaramin abu ba ne.

Farfesa Lawal:
Aminu, abin da ka ji ana yaɗawa ina jin aikin Pekka Karhunen ne da tawagarsa a Tampere ta Finlan, wanda ya fito a 2025. Sun duba jijiyoyin zuciyar mutum 121 da suka yi mutuwar fuju'a, da curin da aka ciro daga mutum 96 a tiyata. A wajen kashi 42 cikin 100 na kowane rukuni sun samu DNA na Streptococcus irin na baki, waɗanda ake kira viridans.

Abin da ya ba aikin armashi ba adadin ba ne, inda suka gan su ne. A tsakiyar curin sun same su a dunƙule cikin yauƙin da bakteriya ke lulluɓe kansu da shi, irin wanda ke manne a haƙori, kuma makrofaj ba su kula su ba. A curin da ya fashe kuwa sun ga alamarsu a warwatse a cikin murfin, tare da TLR2 a kunne. Fassararsu ita ce yauƙin na nan kwance shiru, wani abu ya tashe shi, bakteriya su ɓalle su nufi murfi, garkuwar jiki ta far musu, a cikin faɗan murfin ya yage. Tun 2014 wata tawaga a Jami'ar Binghamton ta nuna a ɗakin gwaji cewa norepinephrine, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgici ko wahala, na iya sa yauƙin bakteriyar Pseudomonas ya watse, ta hanyar sakin sinadarin ƙarfe na jini da ke ɗaure a jikin transferrin, furotin ɗin da ke ɗauke da shi.

Yanzu ga inda nake taka birki. Na ɗaya, DNA ba rai ba ne. Makrofaj da ya haɗiyi bakteriya a dasashi ko a huhu zai iya ɗauko guntayenta ya zo ya mutu a curin. Na biyu, curin da ya riga ya ruɓe, mai sababbin ƙananan jijiyoyi masu yoyo, wuri ne da komai ke maƙalewa. Mai yiwuwa lalacewar ce ta jawo bakteriyar. Hoton gawa ba ya gaya maka wa ya riga wani zuwa. Na uku, gurɓata. Samfurin da bakteriyarsa kaɗan ce, DNA da ke cikin ruwan gwajin kansa na iya rinjayar sakamako, kuma Pseudomonas da Ralstonia sun yi ƙaurin suna a nan. A zamanin Chlamydia an sha wannan: ɗakin gwaji ɗaya ya samu a kusan kowane samfur, wani bai samu ko ɗaya ba.

Duk wanda zai kawo irin wannan sakamako, a tambaye shi abu huɗu. Ya gudanar da bututun da babu nama a ciki tare da sauran tun daga matakin farko? Ya gwada lafiyayyar jijiya daga mutum ɗaya don kwatanci? Awa nawa tsakanin mutuwa da ɗaukar samfur, tunda bakteriyar hanji da ta baki na bazuwa bayan rai ya fita? Ya iya rainon bakteriyar da rai, ko aƙalla ya nuna RNA, alamar cewa tana aiki?

Malam Sanusi:
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya, sharuɗɗan nan daidai ne. Sai dai a yi wa viridans adalci, ba sa cikin waɗanda aka saba samu a ruwan gwaji. Kuma in maganar yauƙin ta tabbata, ta bayyana faɗuwar gwaje-gwajen da Hajiya ta lissafa, domin bakteriyar da ke cikin yauƙi na jure magani ninki ɗari ko fiye a kan wadda ke yawo. Shi ya sa idan bawul ɗin roba da aka sa a zuciya ko gaɓar ƙarfe ta kamu, sau da yawa sai an cire.

Dokta Hadiza:
To ai jijiyar zuciya ba ta ciruwa, Malam.

Ni inda na fi ganin hannun ƙwayoyin cuta ƙarara ba a cikin curin ba ne, daga nesa ne. Liam Smeeth ya bi bayanan marasa lafiya na Birtaniya, 2004, yana kwatanta kowane mutum da kansa a lokuta daban-daban, dabarar da ke kawar da matsalar taba da gado. A kwana ukun farko na ciwon hanyar numfashi, haɗarin bugun zuciya ya ninka kusan sau 5, na shanyewar ɓarin jiki sau 3, sannan ya riƙa sauka cikin makonni. Ciwon mafitsara ma ya ɗaga shi, amma bai kai haka ba. Waɗanda aka kwantar saboda nimoniya, haɗarinsu na ninka kusan sau 4 a watan farko, kuma ba ya komawa daidai har shekaru. A Kanada, 2018, an samu ninki 6 a makon farko na mura mai tsanani ta infuluwenza da aka tabbatar a ɗakin gwaji.

Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Sinadaran da ke tayar da kumburi, IL-1 da IL-6 da TNF, sun cika jini, makrofaj da ke cikin curin su ma sun ji kiran. Fibirinojin, furotin ɗin da ke haɗa gudan jini, ya hau, ƙwayoyin daskarar da jini sun zama masu saurin mannewa. Zazzaɓi ya sa zuciya gudu, lokacin da jijiyoyinta ke samun jini ya gajarta, huhu kuma ba ya ba da isasshiyar iska. Pneumococcus, bakteriyar nimoniya, har dafi gare ta, pneumolysin, mai huda ƙwayoyin tsokar zuciya.

A nan akwai kuskuren da ake yawan yi a ɗakin jinya. Tsoho na kwance da nimoniya, troponin, furotin ɗin da ke fita cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni, ya hau. Ba kowane hawa ne fashewar curi ba. Sau da yawa zuciya ce ke neman iskar da ba ta samu, kuma maganinsa gyara iska da ruwa da hawan jini da kashe cutar. Amma kishiyar kuskuren ta fi muni: a jingina ciwon ƙirji da haki ga huhu kawai, a ƙi yin ECG. A yi shi ranar kwanciya, a maimaita in wani abu ya canza, a auna troponin sau biyu a ga ko yana motsi. Kuma kada a dakatar da statin da aspirin ɗinsa haka kawai don an kwantar da shi.

Hajiya Rakiya:
Wannan ya kawo mu ga abin da ya yi aiki a gwaji. IAMI, 2021, mutum wajen 2,500 da suka samu bugun zuciya, aka yi wa rabi allurar rigakafin infuluwenza cikin kwana uku. A shekara guda, mutuwa da sabon bugun zuciya da toshewar ƙarfen da aka sa a jijiya don ta zauna a buɗe, a haɗe, sun ragu da kashi 28 cikin 100. Bairos ce ba bakteriya ba, na sani, amma ita ce ke buɗe wa nimoniyar bakteriya ƙofa.

Ta ɓangaren kumburi kuma, CANTOS, 2017, mutum sama da 10,000 masu CRP, awon kumburi a jini, 2 ko fiye. Canakinumab, mai toshe IL-1 beta, ya rage matsalolin da kusan kashi 15 cikin 100 ba tare da ya taɓa LDL ba. Amma mutuwa ta dalilin kamuwa da cuta ta ƙaru. Colchicine, maganin rage kumburi, miligiram 0.5 a rana ya yi nasara a gwajin COLCOT da na LoDoCo2, sai kuma CLEAR SYNERGY na 2024, mai mutum wajen 7,000, bai ga amfani ba. Ƙurar wannan ba ta lafa ba tukuna.

Malam Sanusi:
Ku duba CANTOS da kyau. An danne garkuwar jiki, curi ya lafa. In da bakteriya masu rai ne ke cin murfin kai tsaye, da sai abin ya ƙazanta. Wannan ya nuna ɓarnar daga martanin jiki take, ko wane ne ya tsokane shi. Na ba Dokta Hadiza wannan.

Aminu:
Na gode ƙwarai malamaina. Tambaya ta ƙarshe mai amfani a aiki. Mutum ya samu bugun zuciya, an sa masa ƙarfe a jijiya, kuma dasashinsa duk ya lalace. A gyara bakin nan take tunda yana iya zama matsala, ko a jira? Kuma a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a taɓa?

Dokta Bashir:
Kada a yi gaggawa. Ka tuna awa 24 ɗin farko a gwajin Tonetti. Akwai kuma binciken 2010 da ya ga ɗan hawan haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki a mako huɗun farko bayan babban aikin haƙori, sannan ya koma daidai. Don haka aikin da ba na gaggawa ba a ɗaga shi aƙalla mako huɗu zuwa shida, da shawarar likitan zuciyarsa. Kafin nan a fara da buroshi mai laushi sau biyu a rana, da tsaftace tsakanin haƙora, da kurkurar chlorhexidine na ɗan lokaci, mako ɗaya zuwa biyu, don yana rina haƙori. In lokaci ya yi, a raba kankarar kashi-kashi, kada a yi baki gaba ɗaya a zama guda. Ƙurji mai mugunya kuwa ba ya jira, a buɗe shi.

Babban kuskure shi ne a ce ya daina aspirin da clopidogrel ko ticagrelor, magungunan hana gudan jini, saboda tsoron jini. Jinin ramin haƙori ana tsayar da shi da matsi da ɗinki da auduga mai tranexamic acid, maganin tsayar da jini. Ƙarfen da ya toshe kuwa yana iya tafiya da rai.

Maganin rigakafi kafin aiki ba don ƙarfen jijiya ake ba da shi ba. Na masu bawul ɗin roba ko na ƙarfe ne, da wanda ya taɓa ciwon shimfiɗar cikin zuciya, da wasu masu lahanin zuciya na haihuwa. Ga babba, amoxicillin giram 2 sau ɗaya, minti 30 zuwa 60 kafin a fara.

Hajiya Rakiya:
In kuma ya ce jikinsa ba ya karɓar penicillin, don Allah a duba takardar magungunansa kafin hannu ya kai ga clarithromycin. Tana toshe CYP3A4, sinadarin da ke sarrafa magunguna a hanta, sai su taru a jiki. Da simvastatin tana iya narkar da tsoka har ƙoda ta tsaya, da ticagrelor ba a haɗa su sam, da colchicine kuma an yi asarar rayuka, musamman ga mai raunin ƙoda. A tambaye shi ma wane irin rashin karɓa ne, domin da yawa gudawa ce kawai suka taɓa yi aka rubuta musu a kati.